Malam Edita, Marco Polo bai kawo askirim daga ko'ina ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatanka, ya aiki ya kuma wannan zafi da muke ciki, Allah Ya saukar mana da damina lafiya. Ni tsohon mai karanta jaridar nan ne, na daɗe ina saye amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, kuma abin da ya tunzura ni ɗan ƙaramin abu ne, wani zai ce bai ma kai a ɓata tawada a kansa ba. A ɗan akwatin nan na "ko kun san" da kuke sawa a shafin yara, satin da ya wuce kun rubuta wai Marco Polo, matafiyin nan ɗan Italiya, shi ne ya kawo askirim Turai daga ƙasar Sin, daga nan duniya ta samu. Jikata ce, amaryar tawa, ta karanto min da ƙarfi tana murna ta samu abin da zata kai wa malamarsu, ni kuwa shekara talatin da ɗoriya nayi ina koyar da kimiyya a sakandare kafin in ajiye alli, yanzu kuma firiza biyu ce take riƙe da gidana, Hajiya tana ƙulla zoɓo da kunun aya da yogot a leda ni ina sayar da ƙanƙara, to kaga ba za a yi maganar sanyi a gabana in yi shiru ba.

Na san ba ku kuka ƙirƙiri labarin ba, ya daɗe yana yawo, ko a WhatsApp an turo min shi ya fi a ƙirga, amma daɗewar magana bata mai da ita gaskiya. Marco Polo ya koma gida Benis a 1295, aka rubuta labarin tafiyarsa, kuma mutumin nan bakinsa bai bar komai ba, yayi maganar kuɗin takarda, yayi maganar baƙin dutsen da Sinawa suke ƙonawa kamar itace wato kwal, har busasshiyar madarar da mayaƙan Mongol suke jefawa a salka su kaɗa da ruwa a kan doki sai da ya faɗa, amma askirim ko sau ɗaya bai ambata ba. Mai surutu irin wannan ace ya sha daskararriyar madara a tsakiyar bazara ya dawo bai ba da labari ba? Haka ƙanwar wannan tatsuniyar, wai Catherine de Medici, 'yar Italiyar da ta zama sarauniyar Faransa, ita ce ta tafi da masu yin askirim Faransa lokacin da aka kai ta ɗakin miji a 1533 tana 'yar shekara 14. Babu wata takarda ta zamanin da ta nuna haka, sai bayan ɗaruruwan shekaru aka fara ba da labarin, kuma a shekarar da aka yi bikin nata Turawa basu ma iya daskarar da komai ba tukuna. Halin mutane ne dai, in abu yayi daɗi sai an nemo masa sarki ko sarauniya an jingina masa.

Inda ake kuskure shine ana ɗaukan askirim kamar girki, kamar wani ne ya shiga kicin ya haɗa kaza da kaza ya fito yace ga shi. Madara da zaƙi ai ba wanda bai da su, ko 'yar Fulanin da take kawo mana kindirmo da safe in ta barbaɗa sukari ta gama rabin aikin. Wahalar tana wajen sanyi, kuma ita wahalar kashi biyu ce. Ta farko, ina zaka samu ƙanƙara a lokacin zafi alhali babu firji babu wuta. Ta biyu, wadda yawancin mutane basu taɓa tunaninta ba, ko ka samu ƙanƙarar, ita kaɗai bazata daskarar da madara ba, iyakarta ta sanyaya ta. Tsakanin warware ta farko da warware ta biyu sai da aka kwashe shekara wajen dubu uku.

Ta farkon sarakuna ne suka warware ta, da ƙarfin dukiya da wuyan bayi. Akwai wani allon yumɓu da aka tono a ƙasar Siriya ta yanzu, na wani sarki Zimri-Lim mai mulkin Mari wajen shekara 1780 kafin haihuwar Annabi Isa, yana alfahari ya gina ɗakin ƙanƙara a garin Terka bakin kogin Furat, irin wanda babu sarkin da ya taɓa ginawa kafin shi. Ka ji fa, kamar yanda gwamna zai kira 'yan jarida ya buɗe gada. Amma waɗanda suka fi burge ni Farisawa ne, mutanen Iran, don su a cikin hamada suke ƙera ƙanƙarar da kansu. Suna da wani gini da suke kira yakhcal, yakh ƙanƙara, cal rami, ginin ƙasa ne mai tsini kamar ƙaton rumbu, kaurin bangon daga ƙasa yana kai mita biyu, a ƙarƙashinsa rami mai zurfi. A gefe sai su ja doguwar katanga da zata tare rana, su yi kududdufi marar zurfi a inuwarta, da daddare lokacin hunturu su sako ruwa, sararin sama garau babu gajimare sai ruwan ya saki zafinsa ya daskare kafin asuba, su farfasa su kwashe su jera a rami da ciyawa a tsakani, haka kullum har ramin ya cika, a yi ta sha har bazara. Har yau wasu suna nan tsaye a yankin Yazd da Kerman, kuma har yau in Ba'irane zai ce firji yakhcal yake cewa. Mu ma nan da hunturu in ka kwana da ruwa a waje da safe har haƙori yake kamawa, sai dai sanyinmu bai kai ya daskarar ba. Sinawan ma kar a ce na zalunce su, sun san ajiye ƙanƙara tun da daɗewa, kuma a zamanin daular Tang, tsakanin 618 zuwa 907, ana kai wa fada abincin madara da aka sanyaya da ƙanƙara. Hanyar da aka ce abin ya bi ya isa Turai ce ƙarya.

Namu tarihin na Musulunci cike yake da zancen ƙanƙara, sai dai ba a karantar da mu wannan ɓangaren. Imam Ɗabari ya kawo cewa a hajjin shekara ta 160 bayan hijira an ɗauko wa Halifa Mahdi, mahaifin Haruna Rashid, ƙanƙara har Makka, shine halifa na farko da aka yi wa haka. Duk wanda ya taɓa tsayuwar Arfa da zafi ya san abin da hakan yake nufi, a kan raƙuma fa, ba tirela mai firiza ba. Sarakunan Mamluk na Masar kuwa ma'aikata guda suka ware, ana kwaso dusar ƙanƙara daga duwatsun Sham, wata ta jirgin ruwa ta shigo kogin Nilu, wata a kan raƙuma ana canja su zango zango har Alƙahira, duk don sarki ya sha ruwan sanyi. Sannan ga labarin Salahuddin Ayyubi bayan yaƙin Hiɗɗin a 1187, da aka shigo masa da sarkin Ƙudus Guy kamamme ƙishi ya kusa kashe shi, ya miƙa masa ruwa mai ƙanƙara a watan Yuli, shi kuma Guy ya sha ya miƙa wa Reynald, wani jagoran mayaƙan Turawa da aka kama tare da shi, wanda Larabawa suke kira Arnaɗ, nan take Salahuddin yasa tafinta ya gaya masa kai ka ba shi ba ni ba, saboda a al'adarsu fursunan da ka shayar da hannunka ya samu amana. Reynald bai kwana ba.

Abin da ake sha a duk wannan zamanin ruwan 'ya'yan itace ne ko na fure da zuma ko sukari a jefa ƙanƙara, wato sharbat. Kalmar daga Larabci take, tushenta ɗaya da sharab, wanda duk ɗan makarantar allo ya karanta a Suratul Insan, sharaban ɗahura. Turkawa suka ce sherbet, mutanen Italiya suka karɓa suka ce sorbetto, Faransawa suka ce sorbe. Ko sunan kaɗai ya isa ya nuna maka ta ina abin ya bi. Larabawa sun mulki tsibirin Sisili na Italiya sama da shekara ɗari biyu tun daga 827, suka kai rake da lemun tsami, ga kuma dutsen Etna da dusar ƙanƙara a kansa, kaga kayan haɗi sun cika. Amma duk wannan zoɓo ne mai ƙanƙara, ana kurɓa ne, ba a kai ga abin da ake ci da cokali ba.

To nan ne inda nake so ka tsaya Malam Edita, don nan ne aikina. Ƙanƙara mai narkewa tana tsayawa ne a digiri sifili. Madarar da aka sa wa sukari kuma bata daskarewa sai an gangara ƙasa da sifili da digiri biyu ko uku, saboda haka ko ka binne gwangwanin madara a cikin ƙanƙara kwana da kwanaki madara mai sanyi zaka ɗauko. Maganin abin gishiri ne. In ka barbaɗa gishiri a kan dakakkiyar ƙanƙara yana tilasta mata ta narke da wuri, ita kuma narkewa sai da zafi, to sai ta zuƙo zafin daga duk abin da yake kusa da ita, ruwan gishirin ya yi ta sauka har yana iya kaiwa digiri 21 ƙasa da sifili. Shikenan sirrin, babu wani sarki a ciki.

Ranar Asabar da amaryar tawa ta ƙi yarda, wai ai jarida bata ƙarya, nace to ɗauko bokiti. Na sa bulo ɗaya na ƙanƙara a buhu na farfasa da taɓarya, na dama madarar gari da kauri na sa sukari na zuba a gwangwani mai murfi rabi, na dasa shi a tsakiyar bokiti, ƙanƙara awo uku gishiri awo ɗaya ina jerawa a kewaye. Hajiya ta leƙo daga kicin tace Malam gishirin miyar tawa zaka ƙarar a kan wasan yara? Nace a rubuta min bashi. Muka yi ta juya gwangwanin da hannu ni da yara muna karɓa karɓa, bayan 'yan mintuna bayan bokitin yayi fari da raɓa ta daskare, ƙaramin ya tsoma yatsa a ruwan ya fizge yana ihu wai ya ƙone shi. Duk minti biyar in buɗe in kankare abin da ya kama a jikin gwangwani da cokali in cakuɗa da na tsakiya, don in baka motsa ba dutse zaka samu, motsawar ce take hana ƙwayoyin ƙanƙarar girma ta kuma shigar da iska, shi yasa yake laushi a harshe. Kafin a kira la'asar mun ci askirim a tsakar gida babu wuta tun safe. Hajiyar da take mita ita ta kankare gindin gwangwanin.

Wannan dabarar an rubuta ta da Larabci kafin a rubuta ta da harshen Turawa. Ibn Abi Usaibi'a, likita ɗan Dimashƙ da ya rasu a 1270, a littafinsa na tarihin likitoci ya kawo yanda ake sanyaya ruwa da wani irin gishiri, wanda ake haɗa albarushi da shi. A Indiya, Abul Fadal da ya rubuta tsarin fadar Sarki Akbar a ƙarshen ƙarni na 16 ya bayyana yanda ake sanyaya wa sarki ruwa da wannan gishirin, da yanda ake kawo ƙanƙara daga duwatsun arewa zuwa Lahor. Daga wannan zamanin na Mughal kulfi ya fito, madara ce ake dafawa har ta ƙafe tayi kauri, a zuba a 'yan ƙoƙunan ƙarfe a liƙe bakin da kwaɓaɓɓen fulawa, a jefa cikin tukunyar ƙasa mai ƙanƙara da gishiri, har gobe haka ake sayar da shi a titunansu. A Turai kuwa sai 1589 wani masani ɗan Napoli, eh garin nan da Osimhen ya ɗauki kofi, mai suna Giambattista della Porta ya rubuta yanda ake daskarar da abin sha da dusar ƙanƙara da gishirin albarushi, kusan shekara ɗari uku bayan dawowar Marco Polo. Da shi ya kawo, me suka tsaya yi duk tsawon lokacin nan? Sai da aka ƙara wata shekara ɗari kafin Antonio Latini, shi ma a Napoli, ya buga littafin girki a shekarun 1690 mai ɗauke da yanda ake sorbetto har da na madara. A Faris babban birnin Faransa wani ɗan Sisili, Procopio, ya buɗe shagonsa a 1686 yana sayar da kofi da kayan sanyi, shagon yana nan har yau. A Ingila kuwa a wata walima da aka yi a fadar Windsor a 1671 an rubuta jerin abincin da aka ci, faranti ɗaya tak na askirim, a teburin Sarki Charles na biyu kaɗai, sauran manyan baƙi sai kallo.

Bari in ɗan ratse, masu kallon bidiyon Baturken nan mai jar hula da yake wasa da hankalin yara da dogon ƙarfe, ya miƙo ya janye, abin da yasa nasa baya zubewa shine garin saiwar wani fure da suke kira salep da wani ƙaro mai ƙamshi, asalinsa daga garin Marash na Turkiyya. A Dimashƙ irinsa sunansa buza, kuma daka shi ake yi da ƙatuwar taɓarya ta itace ana kiɗa da ita, wallahi kamar 'yan matanmu suna lugude.

Yanda abin ya sauko daga teburin sarki ya iso hannun talaka kuma a Amurka aka yi yawancinsa, kuma akwai hannun baƙar fata a ciki da ba a cika faɗa ba. Ana yawan nuna takardar da Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya rubuta haɗin askirim da hannunsa, amma wanda yake tsaye a kicin James Hemings ne, bawansa, da ya tafi da shi Faris a 1784 ya koyi girkin Faransa. Sukarin da ake zubawa bayi ne suke noma shi a tsibiran Karebiyan. Banila ɗin nan da kowa yake so, asalinta daga Meziko, an kai ta wasu ƙasashe tana fure bata 'ya'ya, sai a 1841 wani yaro bawa ɗan shekara 12 a tsibirin Reyuniyon, Edmond Albius, ya gano yanda ake barbarar furen da ɗan tsinke da babban yatsa, da dabararsa Madagaska take noma banila har yau, shi kuwa a talauce ya mutu. Ko cokalin nan mai dunƙula askirim ya sake shi, wani baƙar fata Alfred Cralle yayi rajistar irinsa a 1897.

Amma mutumina a duk labarin nan Frederic Tudor ne ɗan Boston, don abokin sana'a ne. A 1806 ya yanko ƙanƙara daga tafkunan garinsu da suke daskarewa da hunturu ya loda a jirgin ruwa ya nufi tsibirin Martinik mai zafi, mutanen gari suna masa dariya, ya tafka asara, bashi ya kai shi kurkuku, ya fito ya koma. Abin da ya cece shi dusar katako, wadda masu yankan katako suke zubarwa a banza, ya gano in ka lulluɓe ƙanƙara da ita bata saurin narkewa. A 1833 ya loda tan 180 zuwa Kalkata ta Indiya, wata huɗu a teku an ƙetare tsakiyar duniya sau biyu, aka isa da wajen tan 100. Ranar da na fara karanta wannan dariya nayi ni kaɗai, saboda da azumi in yaran nan masu baro suka zo sari, buhu suke shimfiɗawa su barbaɗa dusar katako su jera bulo su ƙara barbaɗawa su rufe da wani buhun, sak abin da Tudor yayi shekara kusan ɗari biyu da suka wuce, kuma ba wanda ya koya musu daga littafi. A Cennai ta Indiya har yanzu akwai unguwar da ake kira da sunan gidan ƙanƙararsa.

Da ƙanƙara tayi araha sauran abubuwa suka biyo da gudu. A 1843 wata mata a Filadelfiya, Nancy Johnson, tayi rajistar injin hannu, bokiti ne da gwangwani a ciki da hannun juyawa kamar na injin murza taliya, yana kankarewa yana cakuɗawa lokaci guda, wato aikin da ya sa min ciwon kafaɗa ranar Asabar. A 1851 Jacob Fussell, mai sayar da madara a Baltimo da kullum ake bar masa kwantai yana lalacewa, ya buɗe masana'anta ta farko yana sayarwa ƙasa da rabin kuɗin masu shago. A Landan 'yan ci-rani daga Italiya suka cika titi da kuloli, suna zuba na kwabo a ɗan kofin gilashi, ka lashe ka miƙa, a ɗauraye a ruwa ɗaya a zuba wa na bayanka, har hukuma ta hana a ƙarshen shekarun 1890 saboda tarin fuka da kwalara. Wannan na cikin abin da yasa aka koma mazubin da ake cinyewa. Mazurarin biskit ɗin nan ya shahara ne a baje kolin Sen Luwis na 1904, mutane da yawa sun ce su suka fara, ciki har da wani ɗan Siriya Ernest Hamwi mai suyar zalabiya da yace shi ya naɗe tasa ya ba maƙwabcinsa da kwanuka suka ƙare wa, alhali Italo Marchiony ya riga yayi rajistar abin gasa mazubi a 1903, wata Baturiyar Ingila Agnes Marshall kuma ta rubuta irinsa tun 1888. Injin sanyi na Carl von Linde ɗan Jamus a shekarun 1870 shi ya fara kashe kasuwar ƙanƙarar tafki. Da Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933 har kamfanonin giya sai da suka koma yin askirim, kaga wani lokacin hani ma yana da riba.

Mu nan yawancinmu a kan keke muka fara ganinsa. Fan Milk wani ɗan Denmak Erik Emborg ya kafa shi a Gana a 1960, a farkon shekarun 1960 ɗin suka buɗe a Ibadan, da farin akwati a gaban keke da ƙahon roba ana matsawa. Ina tuna muna yara in muka ji ƙahon nan daga bakin layi sai a watsar da langa a bi shi a guje, mai kuɗi ɗaya ne a cikinmu, mu goma muna kewaye da shi muna kallon bakinsa, in ya ga dama ya ba ka ledar ka tsotse. Sarki Charles ne da fadawansa.

Abu biyu nake so iyaye su sani tunda an zo wajen. Askirim mai araha kusan rabinsa iska ce, ana bugawa ne ya kumbura, shi yasa roba babba zaka ɗaga ka ji ta sakayau, in zaka saya auna nauyi a hannu kar girman roba ya ruɗe ka. Na biyun ya fi muhimmanci a garin da wuta take zuwa kamar baƙo, in ka buɗe ka ga ya janye daga jikin roba, ko saman yayi ƙyalli, ko kana jin tsakuwa tsakuwa a harshe, to ya narke ne aka sake daskarar da shi, kuma madarar da ta narke ta zauna awanni a zafin nan namu gidan ƙwayoyin cuta ce, sanyi baya kashe su sai dai ya kwantar da su. Na taɓa saya wa jikoki irin wannan a wani kanti da bazan ambata ba, kwana biyu muna sintiri asibiti. Ni kaina in firiza ta huce yogot ɗin Hajiya zubarwa muke, da ciwo a rai amma gara asarar kuɗi.

Don haka dan Allah a gyara a fitowa ta gaba, ko layi biyu ne, a ce wa yaran nan gishiri da ƙanƙara ne suka haifi askirim, an rubuta dabarar da Larabci tun ƙarni na 13, aka mai da ita abin ci da cokali a Indiya da Italiya, su gwada a gida da gwangwani su gani da idonsu, amma babba ya tsaya a kai kar su tsoma hannu a ruwan gishirin. Amaryar tawa tace bazata yarda da ni gaba ɗaya ba sai ta gani a jarida, to kaga mutuncina yana hannunka. Bari in tsaya nan, naji yara suna ihun an kawo wuta, ga leda ɗari biyu na ruwa suna jirana in jera kafin a ɗauke.

Naka mai karatu kullum,
Tsohon malamin kimiyya, mai sayar da ƙanƙara, daga Kano